Askirim Da Ƙanƙarar Leda: Saƙon "Kitsen Alade" Da Abin Da Ya Kamata Iyaye Su Fi Tsoro

TAMBAYA

Ni mutumin Bakura ne, ina da yara biyar. Tun da zafi ya shigo kullum sai sun sayi ƙanƙarar leda a ƙofar Islamiyya, kuma in na je da su Mafara nakan saya musu askirim na kanti, irin wanda ake zubawa cikin biskit mai siffar mazurari a naɗe da takarda. To sai aka turo min wani saƙo a WhatsApp mai jerin lambobi da suka fara da harafin E, an ce duk abincin da aka ga ɗaya daga cikinsu a jikinsa akwai kitsen alade. Na duba takardar sai na ga E471 da E110. Hankalina ya tashi ƙwarai. Shin haram muka ciyar da yara? Kuma mene ne hukuncin mai sayarwa?

AMSA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri a kan kishin abin da ke shiga cikin iyalinka. Ka kwantar da hankalinka, babu laifi a kanka a abin da ya wuce. Wannan saƙon yawancinsa ƙarya ne, kuma zan nuna maka dalili. Sai dai ba zan tsaya a nan ba, domin na lura kusan duk wanda ya tare ni da wannan magana a ƙofar masallaci, da zarar ya ji an ce "ba alade", sai ya juya ya tafi yana murna, alhali abin da ya fi kusa da cutar da ɗansa yana nan bai duba ba. A suratul Baƙara aya ta 168, Allah ya haɗa sharaɗi biyu ga abin da za mu ci: ya zama halal, kuma ya zama mai kyau. Kai ka tambayi na farko. Ni kuma zan amsa maka shi, sannan in ja hankalinka zuwa na biyu, domin a Mafara da Bakura da Maradun a yau can ne matsalar take.

Na farko: mene ne waɗannan lambobi?

Harafin E tsari ne na ƙasashen Turai. Kowane sinadari da suka amince a ƙara wa abinci sai su ba shi lamba, don kada sunansa ya bambanta daga yare zuwa yare. Lambar tana faɗa maka sunan sinadarin ne kawai. Ba ta faɗa maka daga dabba ko tsiro aka samo shi.

Wannan jerin da aka turo maka ya daɗe yana yawo a intanet tun kafin a san WhatsApp, kuma ga abin da zai nuna maka wanda ya rubuta shi bai san abin da yake faɗa ba. A cikinsa akwai E100, wanda kala ce da ake cirewa daga kurkur, wanda wasu ke kira gangamau, wanda matanmu ke sakawa a girki. Akwai E140, wato koren da ke jikin ganye. Akwai E300, wato bitamin C, irin wanda ke cikin lemun tsami. Shi kuwa E110 da ka gani, kala ce mai ruwan lemo da ake harhaɗawa a masana'anta daga sinadaran man fetur, babu wata dabba a cikinta. Kai har ƙaron da ake tsinkowa a dazukan Borno da Yobe da Jigawa ana fitarwa waje, shi ma yana da tasa lamba, E414. Wanda ya tura irin wannan saƙo ga mutum ɗari ba tare da bincike ba ya saɓa wa umarnin tantance labari da ke cikin suratul Hujurat aya ta 6, ko da niyyarsa kyakkyawa ce, kuma haramta halal ba ƙaramin abu ba ne a wurin Allah.

Amma akwai abubuwa huɗu da maganar malamai ta shafa da gaske.

Ɗaya, E471. Aikinsa haɗa mai da ruwa don kada su rabu. Ana iya yin sa daga man tsiro, ana iya yin sa daga kitsen dabba. Mafi yawan wanda ake sayarwa a duniya daga manja da man waken suya ake yi, domin sun fi araha. Ƙa'idar malamai ita ce asalin abinci halal ne, kuma ba a barin yaƙini saboda shakka. Abu Dawuda ya ruwaito cewa an kawo wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, cuku a Tabuka, ya sa aka kawo wuƙa ya yi bismilla ya yanka, bai tsaya binciken yadda aka yi shi ba. Don haka ganin E471 kaɗai bai haramta abu ba. In an rubuta cewa daga tsiro yake, ko akwai tambarin halal na hukumar da aka sani, to magana ta ƙare.

Biyu, jilatin. Shi daga fata da ƙashin dabba ake dafa shi, na saniya ko kifi ko alade. A nan akwai saɓani na gaske. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta hana amfani da jilatin na alade a abinci. Taron malamai da likitoci da aka yi a Kuwait a 1995 kuwa ya tafi a kan cewa dafawar ta canza shi zuwa wani abu dabam, wato istihala, don haka ya halatta. Abin da na fi natsuwa da shi: in an rubuta jilatin ba a faɗi asalinsa ba, kuma kayan daga ƙasar da ba ta musulmi ba aka shigo da shi, ka bar shi. Amma ka sani yawancin askirim na yanzu ba da jilatin ake kaurara shi ba. Ana amfani da E407 da ake samu daga ciyawar teku, da E410 da E412 waɗanda garin ƙwayar wasu tsirrai ne.

Uku, E120. Jar kala ce da ake samu daga wani ƙaramin ƙwaro da ake kiwo a jikin wani tsiro mai ƙaya, galibi a ƙasar Peru. Mafi yawan mazhabobi sun hana cin ƙwari ban da fara, amma a mazhabar Malikiyya akwai sauƙi, domin Muhtasar na Halilu ya lissafa ƙwarin ƙasa cikin abin da ya halatta da sharaɗinsa. Wanda ya bari don tsantseni ya kyauta, wanda ya sha ba a ce masa ya ci haram.

Huɗu, ɗan ruwan giya da ake narkar da wasu kayan ƙamshi da shi. Wannan ɗigo ne da yake ɓacewa cikin kwaɓi mai yawa, ba ya bugarwa ko nawa aka sha, kuma taron Kuwait ɗin nan ya yi rangwame a kansa. Wanda kuwa aka rubuta sunan giya a jikinsa a matsayin ɗanɗanonsa, wannan a bar shi, babu ja.

Wannan shi ne iyakar abin da ke cikin batun alade. Yanzu ga abin da na ce ya fi kusa da kai.

Na biyu: narkewa da sake daskarewa

Askirim madara ce da sukari, wato abincin da ƙwayoyin cuta suka fi so. Abin da ke kare shi sanyi ne kawai, kuma ƙa'idarsa a ajiye shi a digiri 18 ƙasa da sifiri tun daga masana'anta har zuwa hannun mai sha. To ka yi lissafi da kanka. Manyan masana'antun askirim na ƙasar nan a kudu suke, kamar Fan Milk da ta daɗe a Ibadan. Kafin kaya su iso Gusau ko Sakkwato, sannan su sauka a firizar wani kanti a Mafara, sun yi tafiya mai nisa cikin zafin da a watan Afrilu yakan haura digiri 40. Sannan ga halin wutar lantarki da ka sani. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ba kowane mai kanti ke iya barin janareta ya kwana yana aiki ba. Abin da ke faruwa shi ne kaya su narke da rana, wuta ta dawo da dare su sake daskarewa, gari ya waye a sayar.

Mutane da yawa suna zaton sanyi yana kashe ƙwayar cuta. Ba ya kashe ta, sumar da ita yake yi. Duk abin da ya hayayyafa a lokacin da madarar ta narke yana nan cikin ƙanƙarar yana jiran ya shiga ciki. Kuma kada ka ce wannan sai a ƙasar talakawa. A Amurka, a 2015, wata ƙwayar cuta mai suna listeriya ta shiga askirim na kamfanin Blue Bell, mutum 10 suka kamu, uku suka mutu a jihar Kansas, kamfanin ya janye duk kayansa daga kasuwa. Can ke nan, inda wuta ba ta ɗaukewa kamar tamu, kuma akwai masu bin diddigin cuta har su gano tushenta. A nan in yaro ya kwana yana gudawa sai a ce zafi ne ko haƙori, babu mai komawa wurin firizar.

Alamomin wanda ya taɓa narkewa ba su da wuyar ganewa. Siffarsa ta karkace ko ya taru a gefe guda. Takardar ta manne tana danƙo. Biskit ɗin ya yi laushi kamar wanda aka jiƙa. In ka sa a baki ka ji ƙanƙara tana garas-garas kamar yashi. In na leda ne, ka ga ledar ta kumbura ko ka ji tsami wanda ba nasa ba. Duk wanda ka ga haka ka mayar. Mai kanti kuma da ya san kayansa sun narke ya sake daskarar da su ya sayar ba tare da ya faɗa ba, wannan algus ne, kuma kuɗin da ya karɓa bai tsarkaka ba. Asarar katan guda ta fi sauƙi a kan ɗaukar alhakin ɗan wani.

Na uku: ƙanƙarar ƙofar Islamiyya

Ka ce askirim na kanti sai ka je Mafara, amma ƙanƙarar leda kullum ce. To ka ga ka tsorata da wanda ake sha sau ɗaya a wata, ka bar wanda ake sha sau talatin. Na kanti, ko ba komai, yana da lambar rajistar NAFDAC da ranar lalacewa da adireshin wanda ya yi shi, kuma an dafa madararsa kafin a daskarar. Ita kuwa ƙanƙarar da ake ƙullawa a gida babu rubutu ko ɗaya a jikinta. Ba ka san ruwan da aka dama ta da shi ba, na burtsatse ne, ko na rijiya, ko na 'yan garuwa. Ba ka san hannun da ya ƙulla ta ba. Wasu ma da baki suke hura ledar kafin su zuba.

A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,500 suka rasu, kuma Zamfara tana cikin jihohi huɗu da cutar ta fi ƙamari, tare da Bauchi da Jigawa da Kano. Hanyar amai da gudawa da taifot ita ce gurɓataccen ruwa, kuma ruwan da aka daskarar bai fita daga cikin gurɓataccen ruwa ba.

Sai kuma kala. Kalolin da hukuma ta amince da su ma akwai magana a kansu. A 2007 wani bincike a jami'ar Southampton ta Ingila ya danganta wasu kaloli shida da rashin natsuwa ga wasu yara, kuma E110 da ka gani tana cikinsu. Tun daga 2010 Tarayyar Turai ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin abincin da ke ɗauke da su. A watan Janairun 2025 Amurka ta soke izinin wata jar kala, E127. Waɗannan fa a masana'anta ake auna su da ma'auni. To ina ga garin kala da ake saye a ƙulli a kasuwa, babu suna, babu awo, a zuba da cokali har sai harshen yaro ya rine? Wanda ya saya bai da hanyar sanin ta abinci ce ko ta rini. Haka nan garin zaƙi da ake sakawa a madadin sukari saboda tsada, shi ma da ido ake auna shi.

Mu a Zamfara bai kamata a yi mana dogon bayani a kan dafin da ido ba ya gani ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma iyayensu ba su ga komai ba sai ƙurar dutsen zinariya a tsakar gida. Ban ce akwai dalma a ƙanƙara ba. Abin da nake cewa shi ne kyan abu a ido ba shaida ba ce, kuma jikin yaro ƙarami ba ya ɗaukar abin da na babba ke ɗauka.

Na huɗu: askirim ba abinci ba ne

Akwai iyaye da suke ganin tunda madara ce, to yaro ya ƙaru. Ka karanta jerin kayan haɗin da ke jikin takardar. Ƙa'ida ita ce a fara rubuta abin da ya fi yawa. A masu araha za ka tarar da ruwa da sukari da man tsiro a gaba, madarar gari tana biye. Ruwan cakulan da ake shafa wa cikin biskit ɗin don kada ya jiƙe, shi ma galibi mai ne da sukari da ɗan koko. Sannan ana kaɗa iska a cikin kwaɓin, har a wasu kusan rabin abin da ke cikin mazubin iska ce.

Askirim guda mai mazurari yakan ɗauki sukari tsakanin giram 15 zuwa 25, wato kamar ƙwayar sukari uku zuwa biyar irin na kwali. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin ɗari na abincin yini, wanda ga babban mutum yake kamar giram 50, ta ce kuma in an tsaya a rabin haka ya fi. Na yaro bai kai wannan ba. Ka haɗa da sukarin koko ko shayin safe, da alewa, da kwalbar lemo wadda ita kaɗai tana ɗauke da kimanin giram 35. Sinadarin gina jiki kuwa, wanda shi yaro ke buƙata don ya girma, a irin wannan askirim bai cika wuce giram uku ko huɗu ba, alhali ƙwai guda yana da kimanin shida.

Wannan lissafi a wani wuri maganar ƙiba ce da ciwon sukari da ruɓewar haƙori, kuma mu ma muna da su. Amma a wurinmu akwai abin da ya fi wannan gaggawa. A tsakiyar 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF ta auna yara kusan 100,000 'yan ƙasa da shekara biyar a Shinkafi da Zurmi, ta tarar kusan ɗaya cikin huɗu yana fama da tamowa. Ita wannan ƙungiya tana kula da masu tamowa a Talata Mafara ma, kuma duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin da ake kwantar da su a lokacin damina ba sai an ba shi labari ba. A gidan da kuɗin cefane ke da iyaka, duk abin da aka kashe a zaƙi an cire shi ne daga ƙwai ko ƙosai ko awara ko ƙuli-ƙuli. Kuma zaƙi yana toshe cikin yaro, ya dawo gida a ajiye masa tuwo ya ce ya ƙoshi. Yaron da bai kai shekara biyu ba kada a ba shi gaba ɗaya. Wanda ya wuce haka, a ba shi jefi-jefi bayan ya ci abinci. Suratul A'araf aya ta 31 ta halatta ci da sha ta hana ɓarna, kuma ɓarna ana auna ta ne da halin mutum, ba da tsadar abin kaɗai ba.

Akwai kuma abin takaici a nan. Madarar garin da ake yin askirim da ita yawanci daga waje ake shigo da ita, kuma Babban Bankin Najeriya ya faɗa a 2019 cewa ƙasar tana kashe fiye da dala biliyan ɗaya a shekara wurin shigo da madara. Mu da muke ƙasar fura da nono, satar shanu da rashin tsaro sun rage ƙwaryar da ke shigowa gari daga ruga, har kindirmo mai kyau ya zama abin nema. An kafa ma'aikatar kiwo ta tarayya a 2024. Za mu auna amfaninta ne ranar da nonon Maradun ya isa kasuwar Mafara da sanyinsa, a farashin da talaka zai iya saya wa ɗansa.

Na biyar: ina ledar take zuwa?

Yaro yana shanye ƙanƙara cikin minti biyar, ledar kuma ta yi shekaru masu yawa ba ta ruɓe ba. Shi biskit ɗin mazurari ana cinye shi, wannan ya fi kofin roba. Amma takardar da aka naɗe shi da ita ba takarda zalla ba ce, an manna mata siririn gorar ruwa ko leda, shi ya sa take ƙyalli, kuma saboda wannan haɗin 'yan bola-jari ba sa sayen ta. Suna ɗaukar ƙarfe da robar lemo su bar ta nan.

Daga nan hanyoyinta uku ne, kuma duk ka san su. Ko iska ta kai ta kwalbati ta toshe, ruwan sama ya rasa hanya ya shiga gidajen mutane, ya kwanta sauro ya samu wurin haihuwa. Ko ta tafi gona cikin takin juji, manomi ya yi ta huɗa yana tono leda. Ko akuya da tunkiya su lashe ta saboda zaƙin da ya rage a jiki. Ka tambayi kowane mahauci a kwata abin da yake tararwa a tumbi. Wani maƙwabcina ya yi wata huɗu yana turkar rago don layya, ga dusa ga harawa, ragon kullum sai ramewa yake. Da ya ga zai mutu ya sa aka yanka, sai ga dunƙulen leda a cikinsa ya fi kan jariri girma. Kafin ya saye shi, a bola yake kiwo.

Ga mutanen Mafara da Bakura da Maradun akwai ƙarin dalili. An gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, da nufin shayar da kadada 23,000, kuma dattawanmu sun san abin da aka biya kafin a same ta: gonaki da garuruwa da ruwa ya cinye, da rayukan manoma da aka rasa a rikicin 1980. Bayan hanyoyin ruwan sun lalace shekaru da yawa, an sake gyara su a ƙarƙashin shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da bashin kusan dala miliyan 500 dominsa a 2014, don Bakolori da wasu ayyukan noman rani na Arewa. Bashi ne, jikokinmu za su taya biya. Kowace leda da aka yar a gari, in ruwa ya kwashe ta, tana iya ƙarewa a bakin ƙofar wata hanyar ruwa, kuma wanda gonarsa ke ƙarshen layi shi ne zai rasa ruwan shinkafarsa. Kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani kamar yadda ya tabbata a hadisi, to mai jefa shi a hanyar ruwan jama'a ya duba matsayinsa.

Wasu ƙasashe sun ɗauki mataki. Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya a 2017. Jihar Legas ta hana farin mazubin abinci na soso a watan Janairun 2024, ta faɗaɗa dokar zuwa wasu robobin da ake amfani da su sau ɗaya a watan Yulin 2025. Maƙwabciyarmu Nijar ta yi dokar hana leda a 2014, amma wanda ya je Maraɗi ko Ƙonni ya ga leda a kan ƙaya kamar yadda take a nan. Doka ba ta aiki in babu abin da zai maye gurbi kuma babu mai bibiya. Saboda haka kada mu zauna jiran Gusau ko Abuja a abin da kwando guda a ƙofar makaranta zai rage.

Na shida: mai sayarwa

Sana'arsa halal ce, kuma ban yarda a mayar da wannan amsa sandar dukan talaka ba. Yawancin masu ƙulla ƙanƙara mata ne a cikin gida, wasu zawarawa, wasu 'yan gudun hijira da aka raba da ƙauyukansu, da ita suke ciyar da marayu. Abin da ke kansu shi ne amana. Su tafasa ruwan ko su yi amfani da wanda aka tace, su wanke hannu da sabulu, su daina hura leda da baki. Su bar garin kala marar suna, domin zoɓo yana da jansa, tsamiya da ƙwalba da kunun aya suna da nasu launi da ɗanɗano. Wanda ya kwana ya narke, musamman kunun aya da ba ya jure zafi, a zubar. Shugabannin Islamiyyu kuma su san su wane ne ke sayarwa a ƙofarsu, su zauna da su a faɗa musu waɗannan sharuɗɗa cikin mutunci. Ƙananan hukumomin nan uku suna da ma'aikatan duba-gari a kan albashi. Leƙa firizar kantuna da kulolin masu talla a watannin bazara yana cikin aikinsu, kuma haƙƙinka ne ka tambayi kansilanka me ya sa ba a ganin su.

Taƙaitawa

1. Askirim na kanti mai rajistar NAFDAC halal ne a asali, kuma lambar E kaɗai ba ta haramta shi. Babu tuba ko kaffara a kanka.
2. Ka guji wanda aka rubuta jilatin ba a faɗi asalinsa ba, da wanda aka ambaci giya a matsayin ɗanɗanonsa.
3. Kada ka tura wancan saƙo ga kowa, kuma ka sanar da wanda ya turo maka.
4. Kada ka sayi wanda ya nuna alamar ya taɓa narkewa, ko wanda ranarsa ta wuce.
5. Ƙanƙarar leda, ka san gidan da ake yin ta da ruwan da ake yi da shi. In ba ka sani ba, a dafa zoɓo a gida a sanyaya musu.
6. Kada a ba ɗan ƙasa da shekara biyu. Manya kuma bayan abinci, ba kullum ba.
7. Ka koya wa yaranka su dawo da ledar gida ko su jefa a kwando, kada a ƙona ta kusa da inda ake girki ko inda yara ke zaune.
8. In yaro ya fara gudawa kamar ruwa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take a tafi asibiti, kada a jira gari ya waye.

Allah ya raya mana zuriya cikin lafiya da imani, ya ba mu zaman lafiya a wannan yanki namu.

Wallahu a'alam.